Kawu Isiyaku da Bangon Ɗakin Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Isiyaku magini, ƙanin mahaifiyata. Ni ɗan kasuwa ne, kayan gini nake sayarwa a Kawo, kuma ban iya tuna mutum ba sai na lissafa abin da ya tsare mini. Abin da Kawu ya tsare ga shi: bangon ƙasa guda ɗaya mai tsawon taku goma sha huɗu, yana kallon gabas a gidanmu na Unguwar Sarki, ɗaki ɗaya da ya jingina da bangon, da tsohuwa ɗaya, Inna mahaifiyata, wadda ta ce daga ɗakin nan sai kabari. In bangon ya faɗi, ɗakin ya tafi. In ɗakin ya tafi, ban san inda zan kai Inna ta yarda ta kwana ba. Kuma ni ne da kaina na kusa kayar da shi.

Kawu gajeren mutum ne, mai kaurin hannu, tafinsa duk ya faffashe saboda farar ƙasa. Tare da mahaifina suka zo Kaduna daga Zariya, tare kuma suka ɗora gidan nan da jar ƙasa. Bayan rasuwar mahaifina shi ya ci gaba da kula da bangayen. Farar ƙasar da yake yaɓe da ita ba saya yake yi ba. Wajen masu walda yake zuwa ya kwaso farar lakar da ke rage musu idan sun gama da kabaid, sinadarin da suke kunna wutar walda da shi, ya jiƙa ta a duro har wata biyu, sai ta yi laushi kamar man shanu. Sannan ya haɗa da yashin kogi da gashin akuya da yake karɓowa wajen majema. Yana magana a kan bango kamar dabbar da yake kiwo. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa, yana kuma gumi, aikin magini shi ne kada ya hana shi gumin.

A lokacin ni kuwa na buɗe shago, siminti yana tafiya, ina ganin aikin Kawu aikin talauci ne wanda zamani ya wuce. Ban taɓa faɗa masa haka ba, amma ya sani.

Abin ya faru ne shekarar da na biya wa Inna kujerar Makka, lokacin aikin hajji yana faɗowa cikin bazara. Kowa a garin nan ya san al'adar: mahajjaci ba ya dawowa ya tarar da gida yadda ya bar shi. Kwana da kwanaki mutane za su yi ta zuwa barka da sauka, su ci dabino, su kurɓi zamzam, su kuma kalli bango. Bangon gabas shi ke bakin hanya, tsohon yaɓensa ya yi dabbare-dabbare. Da aka ce jirgin su Inna na iya sauka nan da kwana tara, sai na tafi wajen Kawu na ce ina so a sake yaɓen gaba ɗaya kafin ta iso.

Ya ce, "Kwana nawa ka ce?"

Na ce, "Tara, Kawu."

"Shafi uku ake yi, kowanne da mako guda a tsakani. Kuma ɗaga kai ka dubi rana. A wannan zafin ko kunu ka shafa wa bango sai ya tsage. Bari in wanke shi da ruwan farar ƙasa saboda baƙi, in damina ta wuce a yi aikin gaske."

Na ce wankin ba zai rufe tabon ba, a zuba siminti a cikin kwaɓin ya kama da wuri, a yi shafi ɗaya mai kauri a gama.

Ya dube ni ya yi dariya. "To, Alhajin siminti. Uwarka ce ta je Makka, kai ka riga ta samun suna. Bangon ubanka ne, yi yadda ka ga dama. Amma ba da cokalina ba."

Na ji haushi, na tashi. Washegari na ɗauko leburori uku daga bakin titin Kawo, na sayi farar ƙasa, na ɗebo siminti daga shagona. Ba a jiƙa bangon ba, ba a kankare tsohon yaɓen da kyau ba. Rana ɗaya suka lafta masa shafi mai kaurin yatsa biyu, rana tana dukansa tun hantsi. Gaskiya ya yi kyau. Fari tas, sumul, kamar sabuwar shadda. Inna ta sauka, baƙi suka yi ta yabon gidan, wasu har suna tambayar wa ya yi aikin. Kawu ma ya zo ya gaishe da yayarsa, ya ci dabino biyu. Da zai fita ya shafa bangon da tafin hannunsa sau ɗaya, ya wuce.

Ba a yi mako biyu ba tsaga ta fara fitowa, ta bi bangon ko'ina kamar lakar kududdufin da ya ƙafe. Na kwaɓa zallan siminti na bi na cike. Tsagar ta koma gefen inda na cike ta buɗe sabuwa.

Yanzu na san abin da ya faru, kuma zan faɗa a sarari don mai karatu da ke da bangon ƙasa. Ƙasa tana kumbura in ta ji danshi, tana tsukewa in ta bushe. Yaɓen farar ƙasa da yashi yana da taushi, yana bin bangon yadda ya motsa, ruwan da ya shiga kuma yana samun hanyar fita ta jikinsa. Amma yana son a bi shi a hankali: siriri-siriri, a kan bango mai danshi, ba a cikin rana ba. In ya bushe da gaggawa sai ya tsage tun bai kama ba. Siminti kuwa ba ya lanƙwasa, ba ya barin danshi ya wuce. Ni na haɗa laifin biyu wuri guda. Gaggawa ta buɗe wa ruwa ƙofar shiga, siminti ya rufe masa ta fita. Ruwan farkon damina a Kaduna kuwa daga gabas yake zuwa da iska, a kwance yake dukan bango. Duk wanda ya shiga tsagar nan bai da inda za shi sai cikin ɗakin Inna.

Zuwa watan Agusta ɗakin ya fara wari. Bangon ta ciki ya yi baƙi daga ƙasa har gwiwa. Inna ta buɗe akwatinta ta tarar farin mayafin da ta yi ɗawafi da shi ya yi fumfuna, aka wanke sau uku bai fita ba. Ta fara tari. Ta waje kuma yaɓen ya turo ciki daga ƙasa, kamar mutum ya ƙoshi.

Na zo mata da shawarata, wadda a ganina ta mai hankali ce. Ta koma gidana a Malali, in rushe ɗakin in gina mata na bulo cikin wata biyu, da tayil da silin. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ubanka yana ɗora ƙasar bangon nan ina miƙa masa ruwa, da cikinka. Ba inda za ni. Je ka kira mini Isiyaku."

Wata huɗu ke nan ban taka gidan Kawu ba. Na tarar yana cin tuwo a zaure, na cire takalmi na durƙusa. Bai ɗago ba ya ce, "Ya tsage?"

"Ya tsage, Kawu."

"Ya turo ciki ta ƙasa?"

"Ya turo."

Ya ture kwanon, ya wanke hannu, ya ɗauki cokalin gininsa. Daga nan har Unguwar Sarki bai tuna mini abin da ya faɗa a bazara ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai sunan Alhajin siminti da ya bi ni.

Ya bi bangon yana ƙwanƙwasa shi da ƙotar cokalin, taku bayan taku, kunnensa a kusa. Kusan ko'ina ƙarar ganga yake yi, alamar yaɓen ya rabu da ƙasar. Ya ɓamɓare wani wuri ya tura yatsa, yatsan ya shige kamar cikin tuwo. Ya ce a ɓamɓare duka, yau ɗin nan.

Hadari yana haɗuwa a gabas muna ɓamɓara. Maƙwabta suka taru. Malam Garba, maƙwabcinmu da ke aiki a sakatariya, ya tsaya da lemarsa ya ce, "Haba Isiyaku, ka tuɓe wa bango riga ana tsakiyar ruwa?"

Kawu ya ce, "Rigar ce jiƙaƙƙiya, Malam. Kai in taka ta jiƙe da ita kake kwana?"

Ni ma a raina ina tare da Malam Garba, amma na ci gaba da ɓamɓara. Kawu ya tokare bangon da katako uku. Ya sa na kawo kwanon rufi daga shago ya ƙara tsawon bakin rufin da kamu ɗaya, don ruwan sama ya zuba nesa da bango. Ya haƙa 'yar kwata a gindin bangon ta janye ruwa zuwa lambatu. Sannan ya rataya zana daga bakin kwanon har ƙasa, da tazarar tafin hannu tsakaninta da bangon, yadda ruwa zai doki zanar, iska kuma ta ratsa ta baya. Shi ke nan. Ya ce saura jira.

Jiran nan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. A mako na biyu aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, wani ɓangare na kusurwar bangon mai girman daro ya zubo. Na roƙi Inna ko mako ɗaya ta yi a Malali. Iyakar abin da ta yarda da shi a ja gadonta zuwa bangon yamma. Na san in bangon ya rufta da ita a ciki, ba ruwa za a ce ya yi ba, ni za a ce, kuma da gaskiyar masu faɗa. Kullum da safe Kawu zai zo a kekensa, ya ɗaga zanar, ya ɗora tafinsa a kan ƙasar, ya sansana hannun. Ina tsaye ina kallon fuskarsa kamar mai jiran likita. Wata safiya ya ce, "Ya fara gumi ta waje. Je ka buɗe shagonka." Zuwa ƙarshen Satumba baƙin ƙasar ya koma ja, warin ɗakin ya tafi, tarin Inna ya lafa.

Sai da ruwa ya ɗauke, ƙasa tana da sauran sanyi, sannan ya fara yaɓen. Ya cike kusurwar da ta zube da tsohuwar ƙasarta, ya kwaɓa da ciyawa. Ya karce fuskar bangon don yaɓen ya sami abin kamawa, ya yayyafa ruwa, ya watsa shafin farko siriri, ya rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara. Aikin yayyafin ni ya ba. Safe da yamma har mako uku, mai shago guda a Kawo yana tsaye bakin hanya da bokiti da tsintsiya yana yi wa bango feshi, masu wucewa suna yi mini sannu da aiki da murmushi a bakinsu.

Bayan shafi na biyu na ga siraran tsaga sun fito, na nuna wa Kawu. Ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar ya ba ni, ya ce in tura. Tsinken bai shiga ba. Ya ce, "Wadda ba ta ɗauki tsinke ba, gaisuwa ce kawai. A danne ta da katako tun da ɗanyenta, ruwan farar ƙasa zai rufe sauran. Wadda ta haɗiye tsinke ita ce mai magana. Ita kuma ba a toshe mata baki, sai an tambaye ta daga ina ruwan yake zuwa." A duk abin da na koya a harkar gini, ba wanda na fi amfani da shi kamar wannan tsinken.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga Kaduna ta yau. In ka bi hanyar Zariya ka wuce Kawo zuwa Katabu, gidaje ne ke tsirowa ko'ina. Da yawa masu ƙaramin ƙarfi ne, direbobi da leburori da 'yan tireda, da bulon ƙasa suke ɗorawa, sannan su tara kuɗi su lafta masa siminti don kada a ce gidan ƙasa ne. Damina biyu ko uku sai ka ga yaɓen yana faɗowa falle-falle, ƙasar baya ta zama laka. Na san Kawu zai tsaya ya kama haɓa ya ce an ɗaura wa jaki sirdin ƙarfe. Ni siminti nake sayarwa har gobe, kuma ba na jin kunyarsa, a kan bulon siminti ba abin da ya kai shi. Amma duk wanda ya zo saya don yaɓe sai na tambaye shi bangon na mene ne. In ya ce na ƙasa ne, sai in zaunar da shi in ba shi labarin nan. Wasu su saurara. Wasu su ce na cika surutu, su tsallaka shagon maƙwabcina. Daga cikinsu akwai waɗanda suka dawo bayan damina biyu, su ne yanzu ke turo mini 'yan'uwansu.

Akwai kuma abin da na tabbata zai faranta masa rai. Masu walda yawanci sun koma wutar lantarki, lakar kabaid ta yi wuya, amma farar ƙasa yanzu tana zuwa a buhu. Bara wata injiniya mai zanen gidaje ta zo shagona tana nemanta, za ta yi wa wani gini na ƙasa yaɓe a Malali. Ta fito da wata 'yar na'ura da ake dannawa a bango ta nuna yawan danshinsa, ta yi mini bayani mai tsawo da Turanci a gauraye. Da ta gama na ga ba abin da ta faɗa wanda Kawu bai faɗa ba da tafin hannu da hanci. Da yana nan zai fara yi wa na'urar ba'a, sannan ya ce a ba shi ya riƙe, sannan ya bi unguwa yana danna ta a bangon mutane. Bai taɓa ƙin sabon abu don sabo ne ba. Kwanon rufi ma yana cewa ba a taɓa yi wa bangon ƙasa gata irinsa ba.

Ya rasu bayan gajeriyar jinya, da kaka, ya bar duro huɗu na farar ƙasa a jiƙe a bayan gidansa da magina biyu da suka koya a hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Tun daga lokacin duk shekara biyu ake wanke bangon Inna da ruwan farar ƙasa, ba a taɓa sake yaɓen ba.

Sai bana. Bayan wani ruwa mai ƙarfi a watan Yuli, tsaga ta fito daga saman taga ta gangaro kamu biyu. Na tura tsinke, ta haɗiye. Inna yanzu ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, da lalube take sanin inda komai yake a ɗakin. Ƙannena suka taru suka ce lokaci ya yi, Kawu ba ya nan, ba mai iya wa bangon, a ɗauke ta tun kafin a yi abin da-na-sani. Ban ga laifinsu ba, maganar da na yi ce shekarun baya, kuma tsoronsu na gaskiya ne. Na ce su ba ni zuwa kaka, in bangon ya ƙara motsi ko da kaurin zare ne, ni zan ɗauke ta da kaina.

Na ɗauki ƙotar guduma na bi bangon ina ƙwanƙwasawa. Ko'ina a cike yake amsawa, sai wuri ɗaya a saman tagar mai faɗin tafi biyu. Ban taɓa tsagar ba, na sa tsani na hau. Ƙusa biyu ne suka yi tsatsa a bakin kwanon, ruwa yana bin katakon rufin yana ɗiga a kan bangon. Na canja fallen kwanon, na rataya zana, na yi wa ƙarshen tsagar alama da gawayi don in ga ko za ta wuce. Har ruwa ya ɗauke ba ta wuce ba. Sannan na kira Malam Habu, ɗaya daga cikin maginan da Kawu ya koyar, wanda shi ma gemunsa ya yi fari. Muka buɗe tsagar, muka jiƙa, muka cike ta shafi uku.

Ranar da muka fara, Inna ta ji ƙwanƙwasa daga ciki. Ta ɗaga murya ta ce, "Wa ke buga mini bango? Isiyaku ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Au, kai ma ka iya? To, kada ka sa mini simintin nan naka."

Malam Habu ya yi dariya har ya ajiye cokali. Makon jiya ƙannena suka zo suka duba, babbar cikinsu ta tura tsinke da hannunta bai sami wurin shiga ba. Aka bar maganar ɗauke Inna.

In na zauna na yi lissafi yadda na saba, asarar ba ta ɓuya. Mayafin ɗawafin Inna bai sake yin fari ba. Wata huɗu na yi ban gaishe da ƙanin uwata ba a kan shafin bango. Ciniki ya sha tsallaka titi ya bar ni saboda tambayar da nake yi. Mafi nauyi kuma, ban taɓa buɗe baki na ce wa Kawu na gode ba, ina ganin akwai lokaci. Wannan ba ta da gyara, sai addu'a. Ribar kuwa ita ce damina ashirin da 'yan kai ta zo ta wuce, ba a fitar da gadon Inna daga ɗakin mijinta ko sau ɗaya ba, kuma ta bana ma ta wuce tana ciki. Na yi shekara talatin ina saye da sayarwa, ban taɓa yin cinikin da na ci riba irin wannan ba, kuma ba wayona ne ya kawo ta ba.